Amsar Kawu kan zaman jin ra'ayin 'yan unguwa

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Saƙonka ya iso. Ka ce an liƙa sanarwa a ƙofar gidan hayarku, hukumar birni tana kiran mazauna unguwa su zo su faɗi yadda za a kashe kuɗin gyaran gidaje da unguwanni. Kana tambaya ko ya dace baƙo irinka, wanda bai cika shekara biyu a Amurka ba, ya miƙe ya yi magana a gaban manya, ko kuwa taron shan shayi ne kawai.

Ka je. Kunyar da kake ji tarbiyya ce, ban raina ta ba, amma a wannan zaman wanda ya yi shiru ana ɗauka ba shi da matsala ne.

Wannan al'ada da wuya aka same ta. A 1949 aka yi wata dokar gidaje da ta ba birane kuɗi su rushe unguwannin da aka ce sun lalace. Ma'aikata su zana taswira a ofis, sai dai mutane su wayi gari su ga katafila a bakin layi. Iyalai dubu ɗaruruwa aka tayar, kuma baƙaƙen fata ne suka fi shan wuyar abin. Da ƙorafi ya yi yawa, a 1974 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar da ta kawo tallafin raya unguwanni da suke kira CDBG. Kuɗin na gwamnatin tarayya ne, yana fitowa daga ma'aikatar gidaje, wato HUD, sama da dala biliyan 3 a shekara. Birnin da ke da mutum 50,000 ko fiye yana karɓar rabonsa kai tsaye, da sharaɗin sai ya saurari mazaunansa kafin ya taɓa kuɗin. An dai gane cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

To, ga inda yawancin mutane ke yin asara, ni ma na yi. Doka ta ce a yi zaman jin ra'ayi aƙalla sau biyu a shekara, a matakai daban-daban. Akwai wanda ake yi tun ba a rubuta tsarin kashe kuɗin ba, inda ake tambayar me ke damun unguwa. Bayan an fitar da daftari kuma sai a ba jama'a kwana 30 su yi sharhi. Karon farko da na je, sai da daftari ya fito na tashi. Na yi bayani har da gumi a kan magudanar layinmu da ke ambaliya duk lokacin da ƙanƙara ta narke. Suka saurare ni da ladabi, suka yi godiya, ashe an gama rabo tun watanni. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ja hannun rigata ta ce in dawo zaman farko na baɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na dawo, mu bakwai daga layi ɗaya, kuma a shekara ta biyu aka sa magudanar a cikin tsari.

Sannan ka san abin da kuɗin ke iya yi, kada ka ƙona mintoci biyu ko uku da za a ba ka na magana a banza. Aƙalla kashi 70 cikin 100 dole ya amfani masu ƙaramin ƙarfi, wato iyalan da samunsu bai wuce kashi 80 cikin 100 na matsakaicin samun yankin ba. Idan aiki ne na unguwa baki ɗaya, kamar titi ko filin wasan yara, galibi sai ya kasance kashi 51 na mazaunanta suna cikin wannan rukuni. Ana gyara rufin tsoffin gidaje da shi, ana cire fentin dalma da aka haramta a 1978 saboda yana taɓa ƙwaƙwalwar yara, ana shimfiɗa bututun ruwa da hanyar masu tafiya a ƙasa. Amma cike ramin titi ko canza ƙwan fitilar da ya mutu, wannan aikin yau da kullum ne, ba a biyansa da wannan kuɗi. Gina sababbin gidaje ma yawanci na wata jaka ce daban, mai suna HOME, wadda aka kafa a 1990. Ayyukan jin ƙai kuwa, irin su kula da tsofaffi, ba sa wuce kashi 15, shi ya sa za ka ga ƙungiyoyi sun cika ɗakin suna ta ja-in-ja a kan ɗan wannan kaso. Kada yawansu ya razana ka.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne rubutu. Maganar baki ma ana ɗauka, amma ni na fi amincewa da takarda. Wajibi ne hukuma ta haɗa taƙaitaccen bayanin ra'ayoyin jama'a da tsarin da za ta aika wa HUD, har da waɗanda ba ta karɓa ba, tare da dalilin ƙin karɓarsu. Ma'aikaci ba ya son rubuta dalilin da bai riƙe ruwa ba alhali na sama da shi zai karanta. Don haka ka faɗi sunan layi, ka faɗi gida nawa abin ya shafa, ka haɗa da hoto. Kada ka ce unguwarmu tana cikin wani hali, kowa ma haka yake cewa.

Batun baƙunta kuwa, mazaunin gari ake nema, ɗan haya da mai gida duk ɗaya ne a wurin. Idan maƙwabtanka da ba sa jin Turanci suna da yawa, ku sanar da ofishin tun da wuri ku nemi tafinta, ƙa'idar ta tanadi haka. Kuma kada ka sa rai duk abin da ka roƙa za a yi. Buƙatu sun ninka kuɗin, kuma kansiloli ne ke yanke hukunci na ƙarshe.

Ka ɗauki hoton sanarwar ka turo mini yau, in duba ko zaman farko ne ko na daftari. Idan na farko ne, ka fara ƙwanƙwasa ƙofofin maƙwabta tun daren nan. Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara.

Kawunka.