Tambayoyin Masu Karatu: Ina Dukiyar Attajiran Duniya Take Kwana?

Wasiƙun wannan mako sun taru a kan masu kuɗin duniya, irin waɗanda mujallar Forbes take jera sunayensu duk shekara tun 1987. Na zaɓi huɗu.

TAMBAYA: Malam, kullum rediyo na cewa Elon Musk yana da dala biliyan ɗari kaza. Wane banki ne ke ɗauke da wannan kuɗi? Na kuma ji ya taɓa tafka asarar kusan biliyan 200 cikin shekara guda. Gobara ce ko ɓarayi? (Wani ɗan kasuwa, Kantin Kwari, Kano)

AMSA: Alhaji, ba gobara ba ce, ba kuma ɓarayi ba. Babu bankin da ya ajiye masa wannan kuɗi, don ba tsaba ba ce, ƙiyasi ne. Ka ɗauki makiyayi mai shanu 500. Ranar kasuwa aka sayar da sa ɗaya a kara kan naira miliyan ɗaya, sai mai alƙalami ya buga lissafi ya ce bawan Allahn nan yana da miliyan 500. Mako na zagayowa kasuwa ta faɗi, sa ya koma dubu 700, sai a ce ya yi asarar miliyan 150, alhali garken na nan yana kiwo, ko maraƙi bai ɓata ba. In kuwa ya kora su duka kara rana ɗaya don ya riƙe kuɗin a hannu, dillalai za su karya farashin kafin azahar.

Haka dukiyar Musk take. Mafi yawanta hannun jari ne a kamfanin motoci na Tesla da na kumbo, SpaceX. Tsakanin ƙarshen 2021 da ƙarshen 2022 farashin hannun jarin Tesla ya rikito, a daidai lokacin da shi kansa yake sayar da wani kaso don ya haɗa dala biliyan 44 na sayen Twitter. Asarar ke nan da ka ji.

Tsabar kuɗin da aka san ta shiga hannunsa tun farko ba ta kai haka ba. A 1999 aka sayar da kamfaninsa na farko, Zip2, ya tashi da dala miliyan 22. A 2002 kamfanin eBay ya sayi PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet da Musk ke da kaso a ciki, kan biliyan 1.5, kasonsa ya haura miliyan 170. Maimakon ya gina gidajen haya ya huta, sai ya zuba kusan duka a roka da motar lantarki. Rokokinsa uku na farko duk sun lalace. Na huɗu ya tashi a watan Satumba na 2008, kuma a Disamban shekarar hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ba shi kwangilar dala biliyan 1.6. Mutane na mancewa da wannan, amma kuɗin gwamnatin Amurka ne ya tsamo shi a lokacin da ruwa ya kai masa wuya.

To da me irin waɗannan attajirai suke cefane? Da yawansu bashi suke ci a banki, su jinginar da hannun jarin. Sayarwa tana jawo haraji, tana kuma rage wa mutum iko a kamfaninsa. Jingina ba ta yin ko ɗaya.

TAMBAYA: Ɗana yana aji biyu a jami'a, ya ce zai bari ya kama kasuwanci, wai Bill Gates ma bai gama ba, kuma duk masu kuɗin duniya da hannu biyu suka fara. Yaya zan yi da shi? (Wata uwa, Zariya)

AMSA: Hajiya, ki zaunar da shi ki karanta masa wannan da kanki. Gaskiya ne Gates ya bar jami'ar Harvard a 1975 ya kafa Microsoft da abokinsa Paul Allen. Amma hutu ya ɗauka, da damar komawa in abin bai yi ba. Mahaifinsa babban lauya ne a birnin Seattle. Makarantar kuɗin da aka sa shi tana da hanyar amfani da kwamfuta tun 1968, yana ɗan shekara 13, zamanin da malaman jami'a da yawa ba su taɓa taɓa ta ba. Mahaifiyarsa kuma ta zauna a kwamitin wata ƙungiyar agaji tare da shugaban kamfanin kwamfuta na IBM.

Ban ce ba shi da ƙwazo ba. Da IBM ya zo neman manhajar da za ta tafiyar da sabuwar kwamfutarsa a 1980, Microsoft ba shi da ita. Sai suka saya daga wani ƙaramin kamfani a Seattle, suka gyara, suka ba IBM, amma Gates bai sallama mallakar ba, ya riƙe 'yancin sayar wa duk wani mai ƙera kwamfuta. Wannan sharaɗi guda shi ne tushen arzikinsa. Sai wanda ya iya karanta yarjejeniya yake hango irin wannan, kuma a gidan lauya ya tashi.

Jeff Bezos na Amazon ya gama jami'ar Princeton, ya yi aiki mai tsoka a wani kamfanin hada-hadar kuɗi a New York, sannan ya fara sayar da littattafai ta intanet. A 1995 iyayensa suka zuba masa kusan dala dubu 245. Bernard Arnault na Faransa, mai kamfanin kayan ƙawa na Louis Vuitton, da jarin kamfanin gine-ginen mahaifinsa ya sayi durƙusasshen kamfanin masaƙa na Boussac a 1984, don kawai kamfanin tufafin ƙawa na Christian Dior na cikinsa.

Wanda ya fi kusa da labarin da ɗanki yake so shi ne Amancio Ortega na Sifen, mai shagunan Zara. Ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya bar makaranta yana wajen shekara 14, ya zama yaron aike a shagon riguna. Amma bai buɗe Zara ta farko ba sai 1975, yana dab da shekara 40, bayan ya ƙoshi da zaman yaron shago da ɗinki. Ki tambayi ɗanki ko ya shirya yi wa wani bauta shekara ashirin. In yana son kasuwa, ga hutun zangon karatu nan, ki haɗa shi da wani kawunsa mai shago. Allah ya shirya mana su.

TAMBAYA: Kakanninmu fatake ne, mu ma saye da sayarwa muke yi. Me Aliko Ɗangote ya yi daban har ya zarce kowa a Afirka? (Wani mai karatu, Zangon Kumasi, Ghana)

AMSA: Ɗan'uwa, kai ma kana da rabo a labarin, domin kakan mahaifiyarsa, Alhassan Ɗantata, da fataucin goro daga ƙasarku ya kafu, sai da jirgin ƙasa ya iso Kano sannan ya koma harkar gyaɗa. Lokacin da ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa kuɗi a Afirka ta Yamma. Shi Aliko, haifaffen 1957, da rancen kawunsa ya fara a 1977, yana sarin siminti, daga baya shinkafa da sukari da gishiri. Har nan bai bambanta da sauran manyan 'yan kasuwar Kano ba.

Inda ya raba hanya da su shi ne da ya daina jiran jirgin ruwa ya kawo kaya, ya koma yin kayan da kansa. Mai shigo da kaya ribarsa tana hannun canjin dala da kwastan, kuma duk mai jari zai iya shigowa gobe ya kwashe masa kwastomomi. Mai masana'antar siminti kuwa, kafin wani ya yi gogayya da shi sai ya nemo dutsen farar ƙasa, ya kafa injuna, ya samo wuta, ya sayi tireloli, ya yi shekaru bai ga ko kwabo ba. Ya karɓi kamfanin siminti na Gboko a jihar Binuwai lokacin da gwamnati ke sayar da kamfanoninta, ya gina na Obajana a Kogi, sannan na Ibese a Ogun.

Akwai kuma abin da masu yabo ba sa son a faɗa. A 2002 gwamnatin Obasanjo ta tsara cewa ba za a ba da lasisin shigo da siminti ba sai ga wanda yake gina masana'anta a cikin gida. Wannan ya kare shi, shi da irin su Abdussamad Isyaka Rabi'u mai kamfanin BUA, daga simintin waje. Nijeriya ta samu masana'antu da ayyukan yi, ba na musu. Amma ni da nake biyan kuɗin buhu duk lokacin da zan ɗora bulo, ina ganin mai gini ma ya biya nasa kason na wannan arziki. Matatar mai ta Lekki, mai tace ganga 650,000 a rana, wadda aka ƙaddamar a 2023, dabarar ɗaya ce aka faɗaɗa: abin da ƙasa take sayowa daga waje, kai ka yi shi a gida.

Shi ma fa lissafin makiyayin nan bai bar shi ba. Da aka karya darajar naira a 2023, ƙiyasin dukiyarsa da dala ya ragu da biliyoyi, alhali injunan Obajana ba su tsaya ba.

TAMBAYA: Da gaske ne Mansa Musa ya fi duk waɗannan kuɗi? (Wani ɗalibi, Damagaram)

AMSA: Ɗana, abin da tarihi ya tabbatar shi ne sarkin Mali ne, ya tafi aikin Hajji a 1324, ya yada zango a Alƙahira, ya yi ta rabon zinariya har darajarta ta faɗi a Masar. Malamin tarihi al-Umari, wanda ya je birnin bayan shekara 12, ya tarar ana ta zancen, kuma farashin bai gama farfaɗowa ba. Amma dukiyar sarki a wancan zamani ba ta rabu da baitulmalin ƙasa ba, kuma babu wanda ya auna ta. Adadin dala biliyan 400 da ke yawo a Facebook shaci-faɗi ne. Duk wanda ya kawo maka shi, ka tambaye shi a wace kasuwar canji aka yi lissafin.