Na Kasa Barin Sigari Ni Kaɗai: Wa Zan Nufa a Legas?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni mai sayar da albasa ne a kasuwar Mile 12, shekaruna 43, kuma na kai shekara 20 ina shan sigari, kusan kwali guda a kullum. Sau uku ina barinta da azumi, amma kafin a yi mako biyu da salla sai in koma. Yanzu tari ya dame ni, maiɗakina kuma tana kuka da warin hayaƙi a jikin yara. Wani abokina ya ce in je asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, ni kuwa ina jin nauyi kada a ce na taɓu. Shin akwai abin da likita zai iya yi mini, ko kuwa magana ce ta ƙarfin zuciya kawai? Daga mai karatu a Mile 12, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba da lafiya. Mutumin da ya iya wuni tun daga asuba har magariba bai kunna ko kara ɗaya ba, wata guda cur, har shekara uku, ba za a ce ba shi da ƙarfin zuciya ba. Abin da ke mayar da kai shi ne nikotin, sinadarin da ke cikin taba, wanda ƙwaƙwalwa ke sabawa da shi har ta riƙa nemansa kamar abinci. Idan aka yanke mata shi sai ta tayar da ƙura: saurin fushi, rashin barci, ciwon kai, yawan jin yunwa da kasa tattara hankali. Wannan ya fi tsanani a kwanakin farko, sannan ya riƙa sauƙi cikin mako biyu zuwa huɗu. A nan ne akasarin masu ƙoƙari su kaɗai suke faɗuwa, kuma a nan ne taimakon likita ya fi amfani.

A shekarar 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan yadda za a taimaki manya su bar taba, kuma ta ba da shawarar a haɗa abu biyu, wato magani da zaman shawara da ma'aikacin lafiya. Daga cikin magungunan akwai masu ba jiki nikotin kaɗan-kaɗan ba tare da hayaƙi ba, irin su filastar da ake mannawa a fata da cingam na musamman, ana rage ƙarfinsu sannu a hankali har jiki ya haƙura. Akwai kuma ƙwayoyi kamar varenicline, wanda ake fara sha kimanin mako guda kafin ranar da aka tsayar don bari, a ci gaba har mako 12, da bupropion, wanda ba a ba mai farfaɗiya. Ina roƙonka kada ka saye su a kemis bisa shawarar aboki, domin likita sai ya san hawan jininka da sauran magungunan da kake sha kafin ya zaɓa maka.

Game da Yaba kuwa, ban ga abin kunya ba. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke can yana kula da masu fama da shaye-shaye iri-iri, kuma da yawansu zuwa suke yi su ga likita su koma gida a ranar. Duk da haka ba dole ba ne ka fara daga can. Kana iya yankar kati a babban asibitin gwamnati mafi kusa da kai, ko a asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) da ke Ikeja, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba, ka ce wa likita a fili: "Ina so in bar sigari, na gwada sau uku na kasa." Ka faɗi adadin karan da kake sha da gaskiya, da kuma ko kana kunnawa da zarar ka farka, domin da wannan ake auna ƙarfin maganin da ya dace da kai.

Zaman shawarar ma ba ɓata lokaci ba ne. A wurin ne za ku zauna ku gano abin da ke jan hannunka zuwa aljihu, ko shayin safe a teburin mai shayi, ko jiran motar kaya cikin dare, ko ranar da ciniki ya ƙi. Dokar taba ta ƙasa ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, amma kai ma ka san yadda take samuwa a bakin kasuwa, don haka dole ka shirya wa waɗannan lokutan tun kafin su zo. Ka sanar da maiɗakinka ranar da ka tsayar, kuma tun daga yau ka daina sha a ɗaki ko kusa da yara. Shisha da taba gari ba mafita ba ne, duka nikotin ɗin ne.

Batun tarin nan shi ne ba na so ka jinkirta. Idan ya kai mako biyu, musamman in akwai rama, gumin dare ko jini a majina, ka je a gwada majinarka saboda tarin fuka, wanda ake ba da maganinsa kyauta a asibitocin gwamnati. Ka yi wannan cikin makon nan, ka kuma yi amfani da zuwan ka ɗauko wa likitan maganar sigarin.