Ga ƙanenmu mai shirin zuwa Birtaniya: kuɗin rashin aiki da sharuɗɗansa

Assalamu alaikum. Ƙanenmu, tambayarka ta iso mu. Ka ce kana haramar zuwa Birtaniya karatun digiri na biyu, da niyyar neman aiki in ka gama, kuma an ba ka labari cewa a zamanin korona gwamnati ta riƙa biyan duk wanda ya rasa aiki yana zaune a gida, ba mai tambayarsa komai. Kana so ka san ko za ka iya jingina da wannan kuɗi idan aiki ya kufce maka, ko wata annoba ta sake faɗowa, Allah Ya kiyaye.

Kada ka sa shi a lissafinka ko kaɗan. Wanda ya ba ka labarin ya haɗa abubuwa uku ne ya mai da su ɗaya, kuma mafi girmansu ƙofarsa a rufe take ga baƙo sabon zuwa.

Mu fara da bizarka. Bizar ɗalibi, da bizar da ake ba wanda ya gama karatu, da bizar ƙwararren ma'aikaci, da ta iyalansu, duk suna ɗauke da sharaɗi guda: ba ka da hakkin cin kuɗin tallafin gwamnati. Na farko cikin abubuwan ukun, Universal Credit, wato babban tallafin da marasa aiki da masu ƙaramin albashi ke karɓa, yana cikin jerin abin da aka hana ka, haka ma taimakon kuɗin haya da gidan ƙaramar hukuma. Ko a 2020, lokacin da masu karɓar Universal Credit suka tashi daga wajen miliyan 3 suka doshi miliyan 6 cikin shekara guda, gwamnati ba ta ɗage wannan sharaɗi ba. Wanda ya nema aka yi kuskure aka biya shi, ya karya sharaɗin bizarsa. Za a bi shi bashin kuɗin, kuma Ma'aikatar Cikin Gida tana iya soke izinin zamansa ko ta ƙi sabunta masa. Akwai hanyar roƙon a cire sharaɗin saboda tsananin talauci, amma galibi ga waɗanda ke zaune ta dalilin aure ko 'ya'ya aka tanade ta. Ɗalibi ya riga ya nuna shaidar banki cewa yana da kuɗin zaman wata tara, fiye da fam dubu kowane wata, don haka hukuma tana ɗaukar cewa zai riƙe kansa.

Na biyu, wanda ya ceci baƙi da yawa a korona, shi ne tsarin da Rishi Sunak, ministan kuɗi na lokacin, ya sanar ranar 20 ga Maris 2020. Kamfani yana ajiye ma'aikaci a gida ba tare da ya sallame shi ba, gwamnati ta biya kashi 80 cikin 100 na albashinsa, iyaka fam 2,500 a wata. Wannan bai shiga jerin tallafin da aka hana baƙi ba, don haka ɗalibi mai aikin awa 20 a mako ma ya cancanta. Sai dai kamfani ne ke nema, ba ma'aikaci ba, kuma sai sunanka yana cikin rajistar albashi ta hukumar haraji kafin ranar da aka yanke. Masu aikin hannu da hannu, waɗanda ake danƙa wa kuɗi ranar Juma'a ba takardar albashi, ba su ga ko fam ɗaya ba. An rufe tsarin ranar 30 ga Satumba 2021, kuma babu dokar da ta ce dole a sake buɗe irinsa.

Na uku shi ne alawus ɗin mai neman aiki da ake kira New Style JSA. Shi wannan daga gudummawarka ta inshorar ƙasa yake fitowa, wadda ake cira daga albashi, shi ya sa ba a lissafa shi cikin abin da biza ta hana. Ana duba shekarun haraji biyu cikakku da suka wuce, ita kuwa shekarar haraji daga 6 ga Afrilu take farawa ta ƙare 5 ga Afrilu. Wanda bai daɗe yana aiki a ƙasar ba ba shi da abin da za a duba. Kwana 182 kawai ake biya, kuma a 2020 fam 74.35 ne a mako ga mai shekara 25 zuwa sama, abin da ba zai biya hayar ɗaki ɗaya a Landan ba. Ƙarin fam 20 a mako da aka yi wa masu Universal Credit daga Afrilu 2020 zuwa Oktoba 2021 bai shafi masu wannan alawus ba. Ɗalibi mai cikakken karatu kuma a ƙa'ida ba ya samu.

Ga mai bizar ƙwararren ma'aikaci, damuwar ma ta wuce ta kuɗi. Idan aiki ya ƙare, kamfanin da ya tsaya masa yana sanar da Ma'aikatar Cikin Gida cikin kwana 10 na aiki, ita kuma takan rage izinin zamansa zuwa kwana 60, ko abin da ya rage na bizar in bai kai haka ba. Cikin wannan wa'adi sai ya samu wani kamfani mai lasisi ya tsaya masa, ko ya koma wata biza, ko ya tattara ya bar ƙasar.

To, a ce ka daɗe, ka samu izinin zama na dindindin, ƙofar Universal Credit ta buɗe maka. Nan ne ya kamata ka san nauyin da ke biye da kuɗin, domin a nan 'yan uwanmu suka fi yin tuntuɓe.

Ta intanet ake nema. Daga ranar da ka nema zuwa ranar biyan farko mako biyar ne: wata guda na auna halinka, sai kwana bakwai. Ana iya ba ka wani abu tun kafin lokacin, amma rance ne, ana zare shi kaɗan-kaɗan daga abin da za a biya ka nan gaba. Sannan ana duba dukiyarka. In ta wuce fam 16,000 ba ka cancanta ba, in tana tsakanin 6,000 da 16,000 ana rage fam 4.35 a wata kan kowane fam 250. Abin da mutanenmu kan manta shi ne cewa ajiyar da ke bankin gida, da fili ko gidan da mutum ya mallaka a Kano ko Zariya, duk dukiya ce a idon hukuma, kuma ɓoye ta zamba ce. Mai aure tare da matarsa suke nema, ana haɗa abin da su biyun ke samu.

Kafin a biya ka sai ka amince da wata yarjejeniya da jami'in Jobcentre Plus, wato ofishin gwamnati na masu neman aiki, da aka haɗa ka da shi. Ga lafiyayyen mutum wanda ba ya renon ƙaramin yaro, abin da aka saba rubutawa shi ne awa 35 a mako na neman aiki, daidai da cikakken aiki. Za ka yarda da aikin da tafiyarsa ba ta wuce minti 90 zuwa, 90 dawowa ba. Za ka halarci ganawar ɗaukar aiki ba tare da ɓata lokaci ba in an kira ka. A da ana ba mai sana'a har wata uku yana neman aikin fanninsa kaɗai, amma a farkon 2022 aka rage zuwa mako huɗu. Bayan nan injiniya ma sai ya nemi aikin sito ko na kula da tsofaffi. Ka karanta yarjejeniyar layi-layi kafin ka danna amincewa. In kana da ciwo, ko kai ke kai yara makaranta, ko Turancinka bai nuna ba, ka faɗa tun a zaman farko don a rage awannin a rubuce. Kunya da kawaici, waɗanda a gida ado ne, a nan suna jawo wa mutum asara. Wanda ya ce "to" ga abin da ba zai iya ba, da wannan "to" ɗin za a kama shi.

Akwai shafin rahoto a cikin asusunka na intanet, shi ne shaidarka. Kowane aiki ka nema ka rubuta rana, sunan kamfani, irin aikin, da amsar da aka ba ka. Ka leƙa shi kullum, domin ta nan ake aiko ranar ganawa, kuma "ban gani ba" ba uzuri ba ne.

Abin da aka yi a korona ɗan sassauci ne na wata uku. Daga 30 ga Maris 2020 aka dakatar da wajabcin neman aiki da yanke wa mutane tallafi, aka daina kiran mutane ofis, ganawa ta koma ta waya. Ranar 1 ga Yuli 2020 aka fara dawo da sharuɗɗan, alhali cutar ba ta tafi ba. Kullen da aka sake yi a Nuwamba 2020 da Janairu 2021 bai zo da irin wancan dakatarwa ta bai-ɗaya ba, an bar wa jami'ai ne su daidaita wa kowa gwargwadon halinsa. Waɗanda suka ɗauka har yanzu ana cikin sassauci, suka ƙi ɗaga kiran lambar da ba su sani ba, su ne suka shiga matsala, don kiran waya da aka sa wa lokaci daidai yake da zuwa ofis. Ko a watannin sassaucin ma, wajibi ne ka sanar da duk canjin da ya same ka: samun aiki, sauya gida, aure, haihuwa, tafiya.

Horon saɓa yarjejeniya hawa-hawa ne. Wanda ya ƙi zuwa ganawa ko kwas ɗin da aka tura shi, ana yanke masa har sai ya je, sannan a ƙara kwana 7, ko 14, ko 28 in ya maimaita. Rashin neman aiki yadda aka rubuta kwana 28 ne a karon farko. Ƙin karɓar aikin da aka ba ka, ko barin aiki da kanka ba dalili mai ƙarfi, ko kora saboda laifi, kwana 91 ne, in aka maimaita cikin shekara 182. Kason ci da sha ake yankewa, ba a taɓa na haya da na yara. In kana ganin an zalunce ka, kana da wata guda ka nemi a sake duba hukuncin, in ba a gyara ba ka ɗaukaka ƙara zuwa kotun sauraron irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe, kuma kyauta ne. Hujja a rubuce ita ke cin nasara: takardar likita, saƙon da ka aika kafin ranar ganawa, ko, a zamanin korona, shaidar cewa an umarce ka da killace kanka. Rashin lafiya na kwana bakwai na farko bakinka ya isa shaida, daga nan sai da takardar likita.

Sai batun zuwa gida, wanda ya shafe mu ƙwarai. Mai Universal Credit yana iya fita ƙasar har wata guda in ya sanar tun kafin ya tashi kuma ya ci gaba da cika yarjejeniyarsa. In rasuwar makusanci ce ana iya ƙara masa wata guda. Wanda ya wuce haka an rufe masa, sai ya dawo ya sake sabon nema da sabon jiran mako biyar. A korona rufe filayen jirgi ya riƙe mutane a gida fiye da yadda suka shirya, haka kuma sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da aka taƙaita shigowa daga cikinsu a Disamba 2021.

Kai da ke zuwa a ɗalibi, abin da ke hannunka shi ne ka zo da guzurin da ya wuce wanda ofishin biza ya nema, kuma kuɗin ya zama naka na gaske, ba wanda aka ara aka nuna aka mayar ba. Da ka sauka ka nemi lambar inshorar ƙasa, ka yi aikin da ake ba da takardar albashi kaɗai, ka adana kowace takarda, kada ka wuce awa 20 a mako lokacin karatu. Bizar bayan karatu shekara biyu ce, amma a 2025 gwamnati ta sanar da rage ta zuwa wata 18, don haka ka duba shafin gov.uk kafin ka biya kuɗin makaranta. In ka shiga ƙunci, jami'o'i suna da asusun agajin ɗalibai da ofishin ɗaliban ƙasashen waje, akwai rumbunan abinci na sadaka da na masallatai, kuma ƙungiyar agaji ta Citizens Advice tana ba da shawara kyauta. Kuɗin jinya da mai aiki ke biya bisa doka ma bai shiga abin da biza ta hana ba.

Allah Ya sa a zo a sa'a. Ka gaida su Baba da mutanen gida.