Abin da ya sa ban gundule kan dogon yaron nan ba

Yarona, jiya muna cikin trotro, motar haya, daga Ejisu ka ce da ni: "Masta, mai shagon nan cewa ya yi a sare kan itacen dogon yaron gaba ɗaya kowa ya huta, kuma ya yarda zai biya. Me ya sa muka yini muna tsince rassa ɗaya-ɗaya, ga shi masu injin zarto cikin awa biyu sun gama sun karɓi kuɗinsu?" Hayaniyar mota da gajiya suka hana ni ba ka amsa. Ga ta yanzu.

Abu na farko da nake so ya zauna maka a kai shi ne itace ba ya warkewa irin yadda jikinka yake warkewa. In adda ta yanke ka, nama zai cike, fata ta dawo. Shi itace wurin da aka sara ya mutu ke nan har abada. Iyakar abin da zai iya shi ne ya toshe hanyoyin ruwan da ke kewaye da ciwon don kada ruɓa ta shiga ciki, sannan ya riƙa naɗo sabon ɓawo daga gefe, shekara bayan shekara, har ya rufe bakin. Ciwon da bai wuce faɗin tafin hannu ba, dogon yaro mai lafiya zai rufe shi. Wanda ya kai faɗin faranti kuma yana kallon sama, ruwan damina zai zauna a kai, kuma ka san mu nan Kumasi damina biyu muke yi. Ruɓa za ta riga ɓawo, gara ta biyo baya, ciki ya zama kogo.

To in ka gundule kan, ka yi masa irin wannan babban ciwo a wuri biyar ko shida rana ɗaya, ka kuma kwashe ganyen da yake ci da shi. Itacen zai firgita ya fitar da toho birjik a bakin kowane sara. Wata uku mai shago zai leƙo ya ga kore shar, ya ce aiki ya yi kyau. Amma ka hau ka duba tohon nan. Reshen asali tun yana ƙarami yake saƙe da cikin itacen, kowace shekara ana ƙara ɗaure shi. Toho kuwa a ɓawo kawai yake manne, a bakin wurin da yake ruɓewa, ga saurin girma, ga nauyi.

Ni da hannuna na yi wannan aikin lokacin da nake sabon shiga, a wani ƙaramin gari kan hanyar Mampong. Aka ce in sauke kan wani mangwaro, na sauke, aka yaba mini. Bayan shekara shida, a iskar farkon damina, ɗaya daga cikin rassan da suka tsiro a wurin ya ɓalle ya fāɗa kan rumfar wata mai koko. Allah Ya kiyaye ta tashi da wuri ran nan. Na je na ga gindin reshen, na sa yatsa ya nutse kamar a cikin burodi. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake yi. Ka kuma ji abin da ya faru a magangarar ruwan Kintampo a watan Maris na 2017, da wata babbar bishiya ta faɗo cikin hadari ta kashe mutum kusan 20, yawancinsu 'yan makaranta. Wannan a daji ne. Mu namu itatuwan a kan titi suke, ƙarƙashinsu akwai yara masu zuwa makarantar allo, da tsofaffin da ke jiran la'asar a inuwa.

Shi ya sa jiya kafin mu jingina tsani na sa ka zagaya itacen sau biyu. Na ga ka ƙosa. Zagayen nan rabin aikin ne. Kana duba gindi ko lemar kwaɗi ta fito, don ita alamar ruɓa ce a ciki. Kana duba ƙasa ko ta tsage ko ta ɗago a gefe ɗaya. Kana ƙwanƙwasa jikin da ƙotar gatari kana saurare, mai kogo amonsa daban ne. Sai ka ɗaga kai ka nemi busassun rassa, da masu gogar juna, da inda manyan rassa biyu suka matse suka haɗiye ɓawo a tsakaninsu, don nan ne yake tsagewa. Kauci ma ka cire shi da reshen da ya kama, tun bai yi 'ya'ya tsuntsaye sun kai wa na kusa ba.

Abin da mai shagon yake tsoro rassa uku ne da suka hau kan kwanonsa. Su muka sauke, muka haɗa da matattun, muka bar sauran. Ba na kwashe fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen itace a zuwa ɗaya, tsoho ma ba na kai masa haka. In kuma zan rage tsawon reshe, sai in bi shi baya har inda wani ƙaramin reshe ya fito, wanda kaurinsa ya kai sulusin wanda zan yanke, in yanke a nan, don ƙaramin ya karɓi ruwan ya ci gaba.

Yankan babban reshe kuwa sau uku ne, kada ka yarda gaggawa ta sa ka mai da shi ɗaya. Ka matsa daga jikin itacen kamar santimita 30, ka fara yanka ta ƙasa har sulusin kaurin. Ka ƙara matsawa waje kaɗan ka yanko ta sama, reshen ya faɗi a igiya. Yankan ƙasan nan shi ke hana nauyi ya ɗaye ɓawo ya sauko da shi har gindi. Na uku shi ne na gwaninta. Ka ga kumburin nan da ke zagaye da reshe a inda ya haɗu da uwar, kamar wuyan riga? Daga nan sabon ɓawo yake fitowa. Ka yanke guntun daf da shi ta waje. In ka shafe shi don wurin ya yi sumul, ka cire abin da zai rufe ciwon. In ka bar dogon guntu, shi zai ruɓe ya kai ruɓar ciki. Kuma kada ka shafa fenti ko baƙin mai, ko da an roƙe ka, danshi kawai suke tsarewa.

Wayar wuta ba ta cikin aikinka. Manyan layukan da ke bin titi suna ɗauke da volt 11,000, kuma ɗanyen reshe yana kawo wuta har hannunka. A kira ECG, kamfanin wutar lantarki, su kashe layi, in ba su zo ba mu koma gida. Itacen bakin titi kuma na gari ne, ko da mai gida ne ya dasa shi, don haka babban aiki sai da izinin hukumar gari a takarda.

Yawancin itatuwan da ake kiran mu mu sare, a ƙasa aka fara kashe su. Saiwar itace ba ta nutsawa can ƙasa kamar yadda mutane suke zato, mafi yawanta tana cikin rabin mita na sama, a shimfiɗe har ta wuce inuwar rassa. Masu gina kwata su datse ta gefe ɗaya, mai kwantena ya zuba siminti har wuyan gindi, wani ya ƙona shara a jiki, masu magani su ɗaye ɓawon maɗaci su zagaye shi. Bayan shekara uku a ce itacen ne mugu. Wannan yana ci mini rai, a garin da mutanen Asante suke cewa sunansa ma daga itacen kum ya samo, wanda Okomfo Anokye, babban bokan Asante na dā, ya dasa.

Ranar 11 ga Yuni 2021 aka yi Green Ghana na farko, wato ranar dashen itatuwa ta gwamnati, da burin dasa itace miliyan 5 a ƙasa baki ɗaya. Na yi murna, na kuma dasa. A layinmu waɗanda suka rayu su ne waɗanda aka yi wa shinge saboda awaki, aka kuma ba su ruwa a hunturu biyu na farko. Su ne nake so ka sa wa ido. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a wurinmu maganar a zahiri take: reshen da za ka cire yau da almakashi, kaurin babban yatsa, in ka bar shi shekara goma sai da igiya da mutum uku.

Gobe bayan asuba ka wasa zarto, ka duba igiyar nan ta kusa da ƙulli, na ga ta fara sili. Ka zo da littafi. Za mu bi layin masallaci mu rubuta kowane itace da abin da ke damunsa, mu ga waɗanda ba za su iya jira iskar Maris ba.