Filin Amsoshinku: Ƙwayoyi Masu Ƙara Kuzari da Gwajin 'Yan Damben MMA

Wasiƙu huɗu daga cikin waɗanda suka iso mana sun taru a kan batu guda, wato ƙwayoyi masu ƙara kuzari a damben MMA, wanda ake haɗa naushi da shuri da kokawa a cikin keji. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Kullum sai in ji an dakatar da wani ɗan dambe saboda ƙwayoyi. Waɗanne irin ƙwayoyi ne, kuma me suke ƙara wa mutumin da ya riga ya iya faɗa? A ganina ƙwaya ba ta koya wa mutum naushi.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam. Gaskiyarka ce, ƙwaya ba ta koya wa kowa naushi, kuma wanda bai iya kare haɓarsa ba zai sha ƙasa ko me ya haɗiya. Amfaninta ga mai shanta yana fitowa ne tun makonni kafin ranar faɗa. Ɗan damben da ke shirin karawa yakan yi kimanin mako takwas yana atisaye sau biyu ko uku a rana, kuma gajiya da tsamin jiki da ƙananan raunuka su ne ke taka masa birki. Sinadaran sitiroyid, waɗanda aka ƙera su su kwaikwayi testosteron, sinadarin mazakuta, suna sa tsoka ta warke da wuri, ta yadda wanda ya sha zai tashi garau ya koma fagen atisaye a ranar da abokin karawarsa ke kwance yana jinyar jiki. Idan aka tara wannan rata ta mako takwas, ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma EPO, sinadarin da ƙoda ke samarwa domin ƙara jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iska zuwa tsoka. Faɗan kambu zagaye biyar ne, kowane minti biyar, kuma a zagaye na huɗu da na biyar numfashi ne ke yanke hukunci. TJ Dillashaw, wanda ke riƙe da wani kambun UFC, babban kamfanin shirya damben MMA, a lokacin, an same shi da EPO a gwajin karawarsa da Henry Cejudo a Janairun 2019. Ya ajiye kambun, ya amsa laifinsa, aka dakatar da shi shekara biyu, ga shi kuma faɗan da ya yi allurar dominsa Cejudo ya gama da shi cikin daƙiƙa 32. Sai kuma magungunan sa fitsari, waɗanda wasu ke sha domin zubar da ruwan jiki kafin awon nauyi, wasu kuma domin tsinka fitsarin ya ɓoye abin da ke cikinsa.

Illarsu ga mai sha sananniya ce: EPO na kaurara jini har ya kai ga bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, sitiroyid kuma na taɓa hanta da zuciya, yana hana jiki samar da nasa sinadarin. Amma abin da ya fi damuna ni shi ne wanda ke tsaye a ɗaya gefen kejin. Ɗan tseren da ya yi maguɗi lambar yabo ya sace, shi kuwa ɗan dambe a kan ƙwaƙwalwar wani yake sauke ƙarfin da ya saya. A Yulin 2016 Brock Lesnar ya doke Mark Hunt a gasar UFC 200, bayan kamfanin ya yafe masa ƙa'idar zaman wata huɗu a ƙarƙashin gwaji kafin dawowa daga ritaya. Sai bayan an gama faɗan sakamako ya nuna kilomifin a jikinsa, maganin haihuwa na mata wanda maza kan sha domin farfaɗo da testosteron ɗinsu. Hukumar wasanni ta jihar Nevada da ke Amurka ta soke nasarar, ta ci shi tarar dala 250,000 tare da dakatarwar shekara guda. Hunt ya kai ƙara kotu bai yi nasara ba, dukan da ya sha kuwa babu hukumar da za ta iya soke shi.

TAMBAYA: Malam, yaya ake yin gwajin nan, kuma wa ke yin sa? Idan har ana gwaji, me ya sa mutane ba su daina zargin 'yan dambe ba?

AMSA: Malam, amsar tambayarka ta biyu tana cikin ta farko. Shekaru da yawa gwajin yana hannun hukumomin wasanni na jihohin Amurka ne, irin su Nevada da Kalifoniya, kuma galibi a daren faɗa ake yin sa. Ɗan dambe ya san ranar tun watanni kafin ta zo, saboda haka lissafi kawai zai yi, ya daina shan abin da yake sha a kan kari, jikinsa ya wanke, ƙarfin da ya tara kuma yana nan. Irin wannan gwaji wanda bai iya lissafi ba kaɗai yake kamawa. Abin da ke kama mutane shi ne gwajin ba-zata. A 2012 jami'an Nevada suka tare Alistair Overeem bayan wani taron manema labarai, aka auna testosteron ɗinsa da wani sinadari makamancinsa mai suna epitestosteron, waɗanda a jikin yawancin maza kusan kunnen doki suke, sai aka sami 14 da 1. Nan take faɗan kambun da aka shirya masa da Junior dos Santos ya kuɓuce masa.

A wancan zamani ma akwai ƙofar da doka ta buɗe da kanta. Ɗan dambe kan kawo takardar likita cewa testosteron ɗinsa ya yi ƙasa, a ba shi izinin yin allura. Vitor Belfort yana kan wannan izini a 2013 lokacin da ya sumar da mutum uku a jere da shuri a ka, cikinsu har da Michael Bisping, wanda daga baya ya rasa ganin idonsa na dama, yana kuma danganta hakan da wannan faɗa. Belfort bai karya dokar lokacin ba, dokar ce ba ta da kan gado, kuma Nevada ta rufe ƙofar a Fabrairun 2014.

Abin da ya girgiza harkar shi ne Anderson Silva, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin gwanin gwanaye. An same shi da sitiroyid a gwajin da aka yi masa makonni kafin karawarsa da Nick Diaz a Janairun 2015, amma sakamakon bai fito ba sai da aka gama faɗan. Daga 1 ga Yulin shekarar UFC ta miƙa gwajin 'yan dambenta ga USADA, hukumar yaƙi da ƙwayoyin wasanni ta Amurka. Daga nan aka wajabta wa kowane ɗan dambe ya riƙa sanar da inda yake kwana da inda yake atisaye duk tsawon shekara, kuma wanda aka neme shi aka rasa sau uku cikin wata goma sha biyu, laifi ne ko da ba a sami komai a jikinsa ba.

Yadda ake karɓar fitsarin kansa babu sakaya a ciki. Jami'i na iya ƙwanƙwasa ƙofa da asuba, kuma daga lokacin da ya gabatar da kansa ba zai ɗauke ido daga ɗan damben ba. Zai bi shi har banɗaki, namiji ga namiji, mace ga mace, ya sa shi ya ɗage riga ya sauke wando, ya ga fitar fitsarin da idonsa, domin an sha kama masu ɓoye na wani a cikin roba. Ana buƙatar aƙalla mililita 90. Ɗan damben da hannunsa zai raba shi a kwalba biyu, A da B, ya murɗa murfin da ba ya buɗuwa sai an fasa shi. Lamba ce ke jikin kwalbar, babu suna. Idan kwalbar A ta nuna wani abu, yana da damar neman a buɗe B. Ɗakin gwaje-gwaje na iya bambance testosteron na allura da na jiki ta hanyar nazarin ƙwayoyin kabon da ke cikinsa, ana kuma ajiye tarihin jinin mutum, ta yadda idan ya yi tsalle ba gaira ba dalili za a sa masa ido.

Duk da haka zargi bai ƙare ba, kuma yana da tushe. EPO kan ɓace daga fitsari cikin 'yan kwanaki, idan kuma ɗan kaɗan ake yi da dare, yana iya ɓacewa cikin sa'o'i. Saboda haka tsaftataccen sakamako yana nufin ba a ga komai ba a wannan ranar. Abin da ke ba shi nauyi shi ne yawan maimaituwa ba tare da sanarwa ba, shi ya sa USADA ta riƙa ba da riga ta musamman ga wanda ya tsallake gwaji 50, kamar yadda Kamaru Usman da Israel Adesanya suka karɓa.

Auren UFC da USADA ya mutu a ƙarshen 2023, bayan taƙaddama a kan Conor McGregor, wanda ya fita daga jerin waɗanda ake gwadawa bayan karayar ƙafarsa a 2021, alhali ƙa'ida ta ce sai ya yi wata shida a ciki kafin ya sake faɗa. Daga Janairun 2024 kamfanin Drug Free Sport International ke karɓar fitsari da jini, wani ɗakin gwaje-gwaje a jihar Utah ke aunawa, yanke hukunci kuma aka damƙa shi ga George Piro, tsohon jami'in FBI da ya yi wa Saddam Hussein tambayoyi. A ƙarƙashin sabon tsarin ne aka dakatar da shi McGregor ɗin wata 18 saboda an neme shi sau uku a 2024 ba a same shi ba. Ra'ayina dai, ko a da ko a yanzu, kamfanin da ke cin riba idan tauraro ya hau keji shi ne ke biyan mai gwada tauraron, kuma hakan kaɗai ya isa a ci gaba da sa ido. Ka kuma tuna cewa wannan tsarin UFC ne, ƙananan gasanni da yawa a duniya ba su da gwajin ba-zata ko kaɗan, saboda yana cin kuɗi.

TAMBAYA: Shin tabar wiwi tana cikin ƙwayoyi masu ƙara kuzari?

AMSA: An daɗe ana hukunci a kanta, har Nevada ta taɓa yanke wa Nick Diaz dakatarwar shekara biyar a 2015, hukuncin da ya jawo surutu ganin cewa Silva, abokin karawarsa da aka samu da sitiroyid, shekara guda aka ba shi. Daga baya aka rage na Diaz zuwa wata 18. Tun Janairun 2021 UFC ta daina ɗaukar samun ta a fitsari kaɗai a matsayin laifi, amma kowace hukumar jiha ko ƙasa tana da nata ƙa'idar.

TAMBAYA: Malam, ƙanena yana koyon wannan dambe, kuma yana shan garin gina jiki da yake saya ta intanet. Na ji 'yan dambe na cewa irin wannan gari ne ya ja musu. Gaskiya ne ko kame-kame ne?

AMSA: Malama, duka biyun suna faruwa. Wasu fakewa suke yi da guzuma su harbi karsana, amma gurɓataccen gari gaskiya ne, domin ba a tantance irin waɗannan kayayyaki kafin su shiga kasuwa yadda ake tantance magani, kuma wasu masana'antu kan haɗa su a injin da suka sarrafa haramtaccen sinadari, wasu ma da gangan suke barbaɗawa domin mai saye ya ga canji ya dawo. Yoel Romero ya faɗa wannan rami a 2016. Da aka auna garin da yake sha aka sami sinadarin a ciki, ba a kuma rubuta shi a jikin roba ba, aka rage masa hukunci zuwa wata shida, sannan a 2019 wata kotu a jihar New Jersey ta yanke masa diyyar sama da dala miliyan 27. Har nama ma yakan jawo haka, domin a Meziko da Chaina an sha samun kilenbuterol, wanda wasu makiyaya ke ba dabbobi, a jikin 'yan wasan da suka ci naman.

Ki lura cewa Romero bai tsira gaba ɗaya ba, saboda ƙa'idar ita ce ɗan wasa ke da alhakin duk abin da aka samu a jikinsa, ya sani ko bai sani ba. Rashin sani na iya rage hukunci, ba kasafai yake goge shi ba. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne na'urorin yanzu suna gano ɗigon da ake auna shi da pikogiram, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan na giram. Jon Jones ya doke Daniel Cormier a Yulin 2017, aka sami ɓurɓushin turinabol a jikinsa, sitiroyid ɗin da Jamus ta Gabas ta riƙa ɗura wa 'yan wasanta, aka soke nasarar, aka dakatar da shi wata 15. A Disamban 2018 ɓurɓushin ya sake bayyana, masanan da aka tuntuɓa suka ce ragowar na da ne, ba sabon sha ba, amma Nevada ba ta ba shi lasisi a kan lokaci ba, sai UFC ta kwashe gasar ɗungurungum daga Las Vegas zuwa Kalifoniya saura kwana shida. Har yau masu kallo ba su daidaita a kan wannan shari'a ba. A ƙarshen 2019 UFC ta sanya iyaka ga wasu sinadarai, ta yadda ɗigon da bai kai ta ba ba zai zama laifi kai tsaye ba.

Game da ƙanenki, ki ce masa ya guji duk garin da ke alƙawarin tsoka cikin mako biyu ko ƙona kitse cikin dare, domin irinsu ne aka fi samu da gauraye. Ya nemi wanda ke ɗauke da tambarin masu tantancewa masu zaman kansu, kamar NSF Certified for Sport ko Informed Sport, ya duba lambar rukunin da ke jikin robar a shafinsu, kuma ya ajiye robar da ɗan ragowar garin ko bayan ya gama sha, saboda ita ce shaidarsa idan rana ta ɓaci. Idan likita ya rubuta masa magani, ya gwada sunan da jerin haramtattun sinadarai na WADA, hukumar duniya, wanda ake sabuntawa kowace 1 ga Janairu, kuma idan maganin na ciki, akwai takardar izinin jinya da ake nema kafin a fara sha. Ƙarin ruwa ta jijiya bayan awon nauyi ma yana cikin abin da aka taƙaita, domin UFC ta hana shi tun Oktoban 2015, kuma an dakatar da BJ Penn wata shida a kansa a shekarar da ta biyo baya.