Zauren Tambaya: Baba ya ce karatun tonon kabari ne

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne daga unguwar Zango nan Damagaram, na samu bak (jarrabawar kammala sakandare) bana Alhamdulillahi. Tun ina kolej nake son labarin mutanen da, su Masar da Rum da Girka, ina so in karanta arkeyoloji, wato ilimin tono da nazarin kayan mutanen da, har ma in koyi Latin. To Baba ya ce wannan ai tonon kabari ne kuma ba ya kawo tuwo, wai in yi karatun shari'a kawai. Don Allah ya zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, barka da samun bak, Allah ya sa albarka.

Maganar Baba kar ka raina ta, akwai ƙamshin gaskiya ciki. Wani lokaci kam kabari ake tona, kamar a Gobero can cikin Tenere inda Ba'amurke Paul Sereno da mutanensa suka faɗa kan tsohuwar maƙabarta a shekara ta 2000 suna neman ƙasusuwan dinozor, kaburbura kusan 200, kusa da su ga ƙasusuwan kifi da kada da dorina, abinda ya nuna wurin da yau ba ko ɗigon ruwa a da tafki ne. Amma mafi yawan aikin ba haka yake ba. Wuni za ka yi a tsugune cikin rana kana share ƙasa da burushi, kana tankaɗe ta da rariya, kana tsintar katanga na fasassun tukwane da gawayi da kashin tama na maƙera, kowane guntu a sa shi leda a rubuta zurfin da aka same shi. Gawayin nan da kake gani ba komai ba shi ake kaiwa ɗakin gwaji a auna sinadarin karbon 14 da ke cikinsa, wanda rabinsa ke ƙarewa duk shekara 5730, sai a gane zamanin da aka hura wutar.

Abinda ya ɗan dame ni a wasiƙarka shine ka lissafo Rum da Girka ka manta gida. A Dabous wajen Agadas akwai raƙuman dawa da aka sassaƙa jikin dutse, babban ya fi mita 5. A Bura yankin Tera, masanin arkeyoloji ɗan Nijar Boube Gado ya yi tono a 1983 ya fito da tukwanen binne mutane da mutum-mutumin yumɓu na mahayin doki, kuma daga baya ɓarayin kayan tarihi sun yi wa wuraren kaca-kaca suna saidawa Turai, wallahi abin na ci min rai, don tukunyar da aka tone ba rubutu ba awo ta tashi daga shaida ta koma kayan ado. Nan jiharmu ma ga Kufan Kanawa, ga ragowar ganuwar da Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ita. Masu nazarinsu 'yan ƙasa ba su da yawa ko kaɗan.

Hanyar kuwa ita ce ka fara da lisans na tarihi shekara 3, misali a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ka manne wa cibiyar bincikenta ta IRSH da ke da sashen arkeyoloji da kuma sashen tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami, sai a masta ka ƙware. Latin da Girkanci in ka nace ana koyar da su a Dakar da Ibadan, arkeyoloji kuma akwai sashe guda a ABU Zariya, nan kusa ne amma sai ka gyara turancin Ingilishi. Ni dai shawarata ka ba Larabci ƙarfi tukuna, in ka yi makarantar allo ka riga ka ɗau rabin hanya, kuma wasiƙun sarakuna da takardun malamanmu da shi aka rubuta su.

Batun tuwo ba zan yi ma daɗin baki ba, guraben aiki kaɗan ne: koyarwa a lise ko jami'a, gidan tarihi, ma'aikatar al'adu, bincike. Arziki ba lallai ba, amma rufin asiri ana samu.

Kar ka yi jayayya da Baba. Ka nemi kawunka ko wani malaminka na tarihi da yake jin maganarsa ku je tare bayan la'asar, ku nuna mishi cewa lisans ɗin tarihi ko ba ka ci gaba ba kana iya shiga aikin koyarwa da shi. Ka kuma tuna mishi jami'ar garin nan sunan masanin tarihi ta ci, André Salifou, ɗan Zinder da ya rubuta tarihin Damagaram. Yadda kuka yi ka sake rubuto mana.