Rahoton neman ruwa ba ya isa a gina dam a kansa

Tambaya: Injiniya, ni ke sa ido kan aikin ƙaramin dam na ƙasa da manoman rani za su yi a wani rafi a yankin Soba. Ɗan kwangila ya kawo rahoton awon lantarki na wurare uku, wai ƙasar tana da ruwa sosai, a fara aiki. Kuɗin talakawa ne, hankalina bai kwanta ba. In sa hannu?

Amsa: Ƙanena, kada ka sa hannu tukuna. Wannan kalmar "akwai ruwa sosai" ita ce ta tayar mini da hankali, domin rahoton mai haƙa rijiyar burtsatse aka kawo maka, ba na dam ba.

Kusan kullum sai na yi wannan bayanin. Yawancin ƙasar Kaduna tsohon dutse ne a ƙarƙashi, irin wanda ya fito fili a Kufena da Kajuru, a samansa akwai ruɓaɓɓen dutse, sannan marmara. Mai neman ruwa tsagar dutsen nan yake farauta. In ya same ta ya yi murna. Kai kuwa tsagar ita ce abokiyar gabanka, ta nan ruwan da ka tare zai sulale, yana kwasar ƙasar gindin dam a hankali har ya yi rami. Na'ura ɗaya ce, amma abin da ya zama albishir a wurinsa, a wurinka gargaɗi ne.

Kuma na'urar ba ta ganin ruwa. Turjiyar da ƙasa ke yi wa lantarki take aunawa, da ma'aunin da ake kira ohm-mita. Lafiyayyen dutse yakan haura ohm-mita 1,000, laka takan sauka ƙasa da 50, sai dai tsagar da ta cika da ruwa ma takan ba da ƙaramin adadi. Laka alheri ce ga dam, tsaga masifa ce, a takarda kuwa suna iya yin kama da juna. Duk wanda ya kalli jadawali kawai ya rantse maka cewa laka ce, ya faɗi son ransa. Na taɓa riƙe rahotanni biyu na garuruwa daban-daban, adadinsu iri ɗaya har ɗigo, sunan gari kawai aka sauya. Masu irin wannan aikin su kafa ƙarafan awo huɗu a busasshiyar marmara da rani, ko ruwan gishirin da zai sa lantarki ya shiga ƙasa ba su zuba a gindinsu ba, su karɓi kuɗi su yi gaba.

Wurare uku ba su isa ba. Awon Schlumberger na tsaye, wato mai leƙa zurfin ƙasa a wuri guda, yana ɗauka cewa ƙasar a shimfiɗe take hawa-hawa, don haka tsagar da ta miƙe tsakanin wuri biyu sai ta kuɓuce masa. Ka nemi awo mai fitar da hoton cikin ƙasa a tsawon layi, layi ɗaya a tsawon inda dam zai zauna har ya hau gaɓa biyu, da wasu layukan da suka gitta shi. Duk inda adadi ya faɗi, a haƙa ramin gwaji, a huda a ciro dutsen ka riƙe shi a hannunka, a matsa ruwa cikin ramin a ga nawa yake sha. Da wannan za a san zurfin ramin tushen da za a cika da laka, da inda ake buƙatar ɗura siminti.

Ka karɓi ainihin adadin da aka rubuta a fili, ba zane kaɗai ba, ka kai wa masana a Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando ko jami'ar Ahmadu Bello su sake dubawa kafin katafila ta shiga rafin.